Kifin Ranar Juma'a: Yadda Hana Cin Nama Ya Raya Kasuwa a Turai

Yau tarihi zai kai mu Turai, kuma za mu fara ne da wani yaƙi da aka gwabza a kan kifi.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1429, wani ayarin kekunan doki kimanin 300 na kan hanya daga Paris, zai kai guzuri ga sojojin Ingila da suka yi wa birnin Orleans na Faransa ƙawanya. Jagoran ayarin wani sadauki ne mai suna John Fastolf. A kusa da garin Rouvray dakarun Faransa da abokansu 'yan Sukotlan suka tare su. Fastolf ya sa aka jera kekunan suka zama katanga, maharbansa suka laɓe a bayansu, daga ƙarshe su suka yi galaba. Ban da makamai, abin da ke cikin kekunan nan gangunan kifi ne mai gishiri, irin wanda ake kira herin, ɗan uwan shawa da muka sani a kasuwa. Har yau a littattafan tarihi sunan wannan karo Yaƙin Herin.

Me ya kai kifi fagen daga? Lokacin azumin Kiristoci ne ya kama, kuma a wancan zamani ko soja mai riƙe da takobi ba ya cin nama a cikinsa.

Akwai labarin da ya daɗe yana yawo, wai wani Fafaroma ne ya haɗa baki da masunta ya wajabta cin kifi ranar Juma'a domin kasuwarsu ta tashi. Labarin na da daɗin ji, amma masana tarihi ba su samu wata takarda da ta tabbatar da shi ba. Hasali ma coci ba ta taɓa wajabta wa kowa cin kifi ba. Nama ta hana, kifi ya samu gurbi ya shiga. Wannan bambanci shi ne mabuɗin tarihin gaba ɗaya.

Asalin abin ya girmi ƙarfin Fafaroma nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin littafin koyarwa na Kiristocin farko mai suna Didache, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya umarci mabiya su riƙa azumi ranakun Laraba da Juma'a. A aƙidar Kiristoci, ranar Juma'a aka gicciye Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS), don haka suka ɗauke ta ranar juyayi da ƙanƙan da kai. Zuwa ƙarni na 4, azumin kwana 40 da ke gabanin bikin Ista, wanda ake kira Lent, ya zauna da gindinsa. Azuminsu ya bambanta da wanda Musulmi suka sani. Ana shan ruwa, ana cin abinci sau ɗaya a yini, sannan a ƙaurace wa wasu nau'o'in abinci, nama a kan gaba. A ƙarni na 6, Benedict na Nursia a Italiya ya tsara wa ruhubanawa, wato masu keɓe kansu don ibada, dokokin zama. A ciki ya hana su naman dabba mai ƙafa huɗu, sai ga marar lafiya da ya galabaita.

Sarakuna ma sun sa hannu. Wajen ƙarshen ƙarni na 8, bayan da Sarki Sharlaman ya ci ƙabilar Sakson ta ƙasar Jamus da yaƙi ya tilasta musu Kiristanci, ya kafa dokar kisa a kan duk wanda ya ci nama a cikin Lent da nufin raina addinin. Ka ga ke nan abin da ke cikin tukunyar mutum ya zama shaidar biyayyarsa ga sarki.

To me ya sa kifi ya tsira daga hanin? Babban malamin Katolika na ƙarni na 13, Thomas Aquinas, ya yi bayani a littafinsa Summa Theologiae. A ganinsa naman dabbobin da ke rayuwa a tudu suna shaƙar iska ya fi daɗi, ya fi gina jiki, ya kuma fi motsa sha'awa, alhali manufar azumi karya sha'awa ce. Likitancin zamanin ya goyi bayansa, domin ana ɗaukar nama abinci mai zafi, kifi kuwa mai sanyi. Sannan nama abincin biki ne da walima, bai dace da ranar juyayi ba. Kifi kuma na da daraja tun asali a wurin Kiristoci, tunda manyan almajiran Yesu irin su Bitrus da Andarawus masunta ne. Sai dai wannan daraja ba ita ta haifar da dokar ba.

In aka haɗa Lent da Juma'o'in shekara da jajiberin manyan bukukuwa, da Laraba ko Asabar a wasu ƙasashe, ranakun da ba a cin nama sun kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na shekara. Nahiya guda na neman abin da za ta sa a miya na tsawon waɗannan kwanaki, kuma babu firji, babu mota. Gidajen ruhubanawa da manyan masu ƙasa suka haƙa tafkuna suna kiwon kifi, amma bai wadatar ba. Masu tonon kayan tarihi da suka binciki ƙayoyin kifi a tsofaffin jujin Ingila sun gano cewa wajen shekarar 1000 an samu sauyi cikin ɗan lokaci: kifin kogi ya ja baya, na teku ya mamaye, musamman herin da wani babba da ake kira kod. Bunƙasar birane da ingantuwar jiragen ruwa na da hannu a ciki, azumi kuma ya tabbatar wa ɗan kasuwa cewa mai saye na nan kowace shekara.

Herin kifi ne mai maiƙo da ke saurin ruɓewa, sai an cire hanjinsa an danna shi cikin ganga da gishiri. Nan 'yan kasuwar birnin Lubek na arewacin Jamus suka tsinci dami a kala. A kudu da su akwai garin Luneburg mai gishiri, a arewa kuma akwai gaɓar Skane, wadda a lokacin take hannun Denmak, yau kuma take kudancin Suwidin, inda herin ke taruwa duk ƙarshen bazararsu. Suka riƙa kai gishiri su dawo da kifi. Wannan ciniki na cikin ginshiƙan ƙungiyar biranen fatake da ake kira Hansa, wadda ta yi ƙarfin da har ta yaƙi sarkin Denmak ta yi nasara a kansa a 1370. Shi kuwa kod ba shi da maiƙo. A tsibiran Lofoten na arewacin Norwe rataye shi ake yi a kan katakai, iskar sanyi ta busar da shi ya yi tauri kamar itace, ya shekara da shekaru bai lalace ba. Wajen 1360 'yan Hansa suka kafa ofishinsu a birnin Bergen don sayen wannan busasshen kifi. Da John Cabot ya isa gaɓar Newfoundland, a Kanada ta yau, a 1497, labarin da ya biyo bayan tafiyarsa shi ne na teku maƙare da kod, kuma ba a jima ba masuntan Fotugal da Faransa da Sifen suka kama hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka nauyin azumin ɗaya ne a kan kowa. Talaka dama nama sai jefi-jefi. Abin da ya fi ƙuntata masa shi ne a cikin Lent har ƙwai da madara da cuku da man shanu an hana. Sai ya yi mako shida a kan burodi da faten wake da herin mai gishiri, in ya samu. Mai hali kuwa kifi ɗanye yake ci daga tafkinsa da kayan ƙamshi, a tatso masa madara daga 'ya'yan almon. Wanda ya kasa haƙura yana iya biyan kuɗi a ba shi rangwame. A babbar majami'ar birnin Rouen ta Faransa akwai wata hasumiya da aka fara ginawa a 1485, ana kiranta Hasumiyar Man Shanu, domin an danganta kuɗin gininta da abin da mutane suka biya don a bar su su ci man shanu a cikin Lent.

Wasu kuma dabara suka nema. Marubuci Gerald na Wales, a ƙarshen ƙarni na 12, ya ba da labarin malaman coci a Ailan da ke cin wata irin dinya a ranakun azumi, bisa imanin cewa ba daga ƙwai take fitowa ba, tsirowa take yi a jikin katakon da ke yawo a teku. Ya kuma ambaci masu cin wutsiyar biba, wata dabba mai zama a ruwa, saboda wutsiyar na da ɗanɗano da launi irin na kifi. Har yau a Benezuwela ana cin naman kafibara a lokacin Lent, wata dabba mai kama da ƙaton gyazbi da ke yini a fadama.

Irin wannan kwana-kwana da sayen rangwame sun ba masu sukar coci makami. A watan Maris na 1522, a birnin Zurik na Suwizalan, wani mai maɗaba'a, Christoph Froschauer, ya raba wa ma'aikatansa da baƙinsa sosej, wato niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a hanji, suka ci ana tsakiyar Lent. Limamin babbar majami'ar garin, Ulrich Zwingli, na wurin. Bai ci ba, amma da hukuma ta taso wa mai gidan, sai ya hau mumbari ya kare shi, yana mai cewa Littafi Mai Tsarki bai wajabta wannan hani ba, azumi zaɓin mutum ne. Daga wannan cin nama ake ƙirga farkon ɓallewar 'yan Furotesta a Suwizalan.

A nan ne labarin haɗa baki da masunta ya samu ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai ba a fadar Fafaroma ba. Bayan Ingila ta raba gari da Rum a 1534, mutane suka yi sakaci da ranakun kifi, sana'ar su ta ja baya. Gwamnati ta damu, domin daga cikin masunta ake samun matuƙan jiragen yaƙi. A 1548, zamanin Sarki Edward na Shida, majalisa ta dawo da ranakun da ƙarfin doka. A 1563 kuma William Cecil, babban sakataren Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya sa aka ƙara Laraba a kan Juma'a da Asabar, wanda ya saɓa ya biya tarar fam 3 ko ya sha ɗaurin wata 3. Dokar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa don ƙarfafa rundunar ruwa aka yi ta, har ta tanadi hukunci ga duk wanda ya yi wa'azin cewa barin nama na da alaƙa da tsiran lahira. Ashe gwamnatin da ta bijire wa Fafaroma ce ta yi abin da ake jingina wa Fafaroma.

Su kuwa Katolika sun ci gaba da kiyaye Juma'arsu har ƙarni na 20, kasuwa na biye da su. A 1962 wani mai shagon McDonald's a birnin Cincinnati na Amurka, Lou Groen, ya ga cinikinsa na mutuwa duk Juma'a saboda unguwar ta Katolika ce, sai ya ƙirƙiro burodi mai soyayyen kifi a tsakiya, wanda ake sayarwa har yau da sunan Filet-O-Fish. A 1966 Fafaroma Paul na Shida ya ba limaman kowace ƙasa damar musanya barin nama da wata ibadar, na Amurka kuma suka ɗage wajibcin in ba a cikin Lent ba. Masanin tattalin arziki Frederick Bell ya bi farashin kifi a yankin New England bayan wannan sauyi, ya wallafa a 1968 cewa ya faɗi da kimanin kashi 12 cikin 100. A 2011 limaman Katolika na Ingila da Wales suka dawo da barin nama a kowace Juma'a. Kiristocin Gabas kuwa ba su bi wannan hanya ba tun farko. A babban azumin 'yan Otodoks na Girka da Rasha har kifin ma an hana, sai a ranaku biyu, haka Kibɗawan Masar ma suna barinsa a nasu babban azumin.

Wani reshe na wannan tarihi ya iso Najeriya. Busasshen kifin nan na Lofoten shi ne Igbo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa daga Norwe. Tun kafin samun 'yancin kai ake shigo da shi, sannan a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ƙungiyoyin agaji suka riƙa aika shi ga masu fama da yunwa. Mai sa shi a miya a yau ba don Lent yake sa shi ba, amma azumin Turai na cikin abin da ya raya sana'ar tsawon ƙarnuka kafin ta iso gare mu. A Legas kuma, zuriyar waɗanda suka dawo daga bauta a Birazil suna dafa frejon, faten wake da madarar kwakwa, su ci da miyar kifi a Juma'ar da ke gabanin Ista.

'Yan uwa, da na tsaya a kan labarin Fafaroma da masunta, da rubutun nan ya ƙare a sakin layi ɗaya, kuma da ya zama ƙarya. Duk wanda zai sa wata al'umma a cikin labarinsa, musamman wadda addininta ba nasa ba ne, ya nemi abin da dokarsu ta ce da kanta kafin ya ɗauki na bakin hanya. Masu zaune da maƙwabta Kiristoci, ku ba mu labarin abin da kuke ganin ana dafawa a gidajensu a wannan lokaci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.