Dodon Azumi a Wagadugu: Wasan da Fatake Suka Kai Ƙasar Mosi

Kalmar dodo tana da fuskoki da yawa a Hausa, kuma ya kamata ɗalibi ya rarrabe su. Akwai dodon tatsuniya, mai zama a ruwa ko a ƙungurmin daji yana haɗiye mutane. Akwai dodannin da Bahaushe ya tarar a wurin wasu ƙabilun kudancin Zazzau, wato mutanen da ke shiga shigar ɓoye kama don bukukuwan gargajiya. Har a jikin mutum da ƙananan halittu kalmar ta sami gurbi, domin muna cewa dodon kunne, muna cewa dodon koɗi. Wanda za mu duba a wannan darasi shi ne dodon da ya zama wasan yara da iyayensu a birnin Wagadugu na Burkina Faso, inda har yau da sunansa na Hausa ake kiransa, ko da yake yawancin masu yinsa ba sa jin Hausa.

Goro ne ya kai Hausawa can. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan bi ta ƙasar Gurma da ta Mosi zuwa kasuwar Salaga a Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Duk inda ayari ya saba yada zango, wasu sukan tsaya su yi aure, su kafa masallaci da makarantar allo. A Wagadugu, fadar Mogho Naba, babban sarkin Mosawa, unguwar da Hausawa suka zauna ita ce Zangouettin, kuma mai karatu zai ji kalmar zango a bakin sunan. Ta yi maƙwabtaka da Kamsaoghin, wadda ta ci sunan Kamsaogh Naba, ɗaya daga cikin manyan fadawan Mogho Naba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya waccan kasuwa, Faransawa kuma suka mamaye Wagadugu a 1896, amma zangon bai watse ba. Shi ya zama tsakiyar rayuwar Musulmin birnin.

A cikin kayan da fataken suka sauke har da al'adar tashe. A ƙasar Hausa, daga goma ga watan azumi yara kan bi gida-gida bayan shan ruwa suna wasanni irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani, ana ba su hatsi ko kuɗi. A Wagadugu reshe ɗaya na wannan al'ada ne ya kama ƙasa ya yi saiwa, shi ne Dodo.

Ruwayar da ta fi yawo a kan asalinsa tana cewa wani maharbi ne ya fita farauta a ranar Juma'a, ranar da aka hana shi, sai aka sauya masa halitta ya koma tsakanin mutum da dabba. Wanda ya yi karatun allo ba zai rasa tuna ƙissar mutanen da suka keta alfarmar Asabar aka mayar da su birai ba, kamar yadda ta zo a Suratul Baƙara da Suratul A'araf. A ganina wannan kamanni ne ya sauƙaƙa wa malaman zango haƙuri da wasan rufe fuska a cikin wata mai alfarma, abin da ba su cika sakar wa fuska ba a wani lokaci. Dodon nan mai laifi ne da ake zagayawa da shi don a gani a ji tsoron Allah, ba abin bauta ba ne.

Tsarin wasan mai sauƙi ne a faɗa, mai wuya a yi. Yaran unguwa sukan haɗa ƙungiya tun kafin azumi ya kama. Wasu makaɗa ne da mawaƙa, ɗaya maharbi ne, sauran kuwa dabbobi. Da hannunsu suke ƙera fuskokin, da ƙwarya da kwali da fenti da duk abin da aka yar a bola, su ɗaura wutsiya, su sa abin kacau-kacau a ƙafa. A nan gwanintar take. Yaro yana rawa a duƙe, cikin duhu, yana leƙe ta 'yan ramuka biyu, kuma dole ƙarar ƙafarsa ta faɗa daidai da kiɗa, tafiyarsa ta nuna wa mai kallo dabbar da yake kwaikwayo tun kafin a dubi fuskar. Idan ƙaho ya karkace ko igiya ta tsinke a tsakiyar fage, dariyar tsakar gida ta ishe shi hukunci. Iyaye su ne alƙalai, abin da suka miƙa kuma shi ne maki.

Yana da amfani a gwada wannan da wasannin akwati da ake sayar wa iyalai a Turai. A 2013 wasu Faransawa biyu, Antoine Bauza da Ludovic Maublanc, suka fitar da wani mai suna Rampage, wanda daga baya aka sauya masa suna zuwa Terror in Meeple City. Kowane ɗan wasa yana riƙe da dodon katako, yana ɗalle shi da yatsa, ko ya sako shi daga sama a kan benayen kwali, ko ya hura iska da baki don ya rushe su. Wasa ne mai daɗi, yana kuma buƙatar saitin hannu, sai dai an gama ƙera dodon tun daga masana'anta, aikin yaro kawai ya rusa. Yaron Wagadugu shi ne maƙerin dodonsa, shi ne kuma dodon. Ta wannan fuska ban ga abin da akwatin zai koya masa ba.

Da tafiya ta yi nisa wasan ya fita daga hannun Hausawa. 'Ya'yan Mosawa suka karɓe shi, Musulminsu da Kiristansu, waƙoƙin suka koma harshen More, aka kuma fara shirya gasa tsakanin unguwanni a gaban jama'a. Manazarciya Priscilla Baird Hinckley ta rubuta maƙala a kansa a mujallar African Arts a 1986, shekara biyu bayan Thomas Sankara ya sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso. Gasar ta ƙara wa fuskokin ƙawa, amma ta ɗan janye wasan daga tsakar gida zuwa dandamali, inda ake rawa don alƙalan da ke zaune a kan kujeru maimakon tsohuwar da za ta ɗebo gero a ƙwarya.

Unguwar da ta haifi wasan kuwa ba ta tsira ba. A zamanin Blaise Compaoré gwamnati ta ƙaddamar da shirin ZACA don mayar da tsakiyar birnin cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Mazauna sun yi turjiya, amma a 2003 aka sa katafila ta rushe Zangouettin da Tiedpalogo da Peuloghin da sassan Koulouba da Kamsaoghin. Dubban mutane aka kwashe, aka ba su filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko, nesa da babbar kasuwa inda abincinsu yake. Maƙwabtan da kakanninsu suka yi zaman ƙofa da ƙofa suka rarrabu, kuma wasa irin Dodo da lunguna yake rayuwa, domin sai yaro ya san gidan da za a buɗe masa da wanda za a kore shi. Shekaru da dama bayan rusau ɗin, babban ɓangaren filin ya kasance fayau, ciyawa ta rufe shi, yayin da yaran sauran unguwannin birnin suke ci gaba da fitowa da fuskokinsu na ƙwarya da kwali duk daren azumi.