Wanda ya kitsa da wanda ya soka: darasi daga Dankori

 

Ku tuna da abin da ya auku a ƙasarmu ta Tasawa a shekarar 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta keto daga yamma tana ƙone garuruwa, ta zubar da jinin Birnin Ƙonni, ta iso yankinmu. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanal Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli, kusa da Dankori, Voulet ya ba da umarni, sojojinsa suka buɗe wuta, Klobb ya faɗi. Ba a cika kwana huɗu ba, sojojin nan suka juya kan shugabanninsu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu na nan a Maijirgi.

To, wa ya kashe Klobb? Mai umarni ko mai harbi? Shari'a ta amsa tun da daɗewa: dukansu.

Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya zartar da ƙisasi kan mutum biyar ko bakwai saboda rai guda da suka yaudara suka kashe, ya kuma bayyana cewa ko mutanen San'a duka ne suka haɗa baki, hukuncin bai canzawa. A kan wannan malamanmu na Malikiyya suka gina babin tamalu'i. Waɗanda suka ƙulla kisa suka halarta, da mai riƙewa, da mai tsaron hanya, duk makasa ne, ko da hannu ɗaya ya soka. Wanda ya tilasta da wanda aka tilasta, babu mai kuɓuta. Kisan gilla kuwa, afuwar magada ba ta kankare shi. Dokar laifuffuka ta Nijar ta 1961 ma ta daidaita hukuncin mai taimakawa da na mai aikatawa.

Saboda haka, ɗan uwa, daga Mayahi har Tasawa, in rikicin gona ko burtali ko gado ya taso, aka kira ka taron dare, ko aka turo maka saƙon murya ana cewa "mu gama da shi", kada ka je, kada ka tura wa wani. Ka sanar da mai gari ko jandarma tun jini bai zuba ba. Zartar da hukunci kuwa aikin hukuma ne, ba na taron gayya ba.

Allah Ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga jinin bayinSa. Wassalamu alaikum.