Shekarun da Gida Ya Yi Araha a Amurka, Aka Rasa Mai Saye

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa idan farashin kaya ya sauko, masu saye kan yi rububi. Ana ganin haka a kan hatsi da kaka, ana kuma gani a kan ragunan da suka yi kwantai bayan sallar layya. Amma tsakanin shekarar 2006 da 2012 an yi wani abu a Amurka da ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Farashin gidaje ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100 a faɗin ƙasar, kuɗin ruwan da ake ɗorawa a kan bashin gida ya sauko ƙasa ƙwarai, gwamnati kuma ta sa tukuici ga wanda zai sayi gidansa na farko. Duk da haka masu saye suka noƙe. A 2005 an sayar da sababbin gidaje kusan miliyan 1.3, a 2011 kuwa da ƙyar aka haura 300,000. Kafin a gane dalilin wannan noƙewa, sai an koma baya an ga yadda aka yi Ba'amurke ya yarda cewa sayen gida da bashi ba ya kai mutum ga asara.

Kafin shekarun 1930, mallakar gida a Amurka ba ƙaramin aiki ba ne. Mai saye kan biya kusan rabin kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, banki ya ranta masa sauran na 'yan shekaru, galibi biyar ko kusa da haka. A tsawon lokacin kuɗin ruwa kawai yake biya. Idan wa'adi ya cika sai ya kawo uwar kuɗin gaba ɗaya, ko ya roƙi a sabunta masa bashin. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, bankuna suka daina sabuntawa. Ya zuwa 1933 ana ƙwace gidaje kimanin 1,000 a kowace rana.

Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ce ta sauya tsarin. A 1933 ta kafa hukumar HOLC, wadda ta sayi basussukan gidaje kimanin miliyan ɗaya da suka cije, ta mayar da su bashin da ake biya kaɗan-kaɗan kowane wata na tsawon shekara 15. A 1934 aka kafa FHA, wadda ke tsaya wa banki idan mai gida ya kasa biya. A 1938 aka ƙirƙiro Fannie Mae don ta riƙa sayen basussukan daga bankuna, su kuma su sami kuɗin ba da sabon rance. Dokar 1944 ta sauƙaƙa wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sayen gida. Daga nan ne bashin shekara 30 mai tsayayyen kuɗin ruwa ya samo asali. Iyalan da ke zaune a gidan kansu suka tashi daga kashi 44 cikin 100 a 1940 zuwa kashi 62 a 1960. Sai dai wannan alheri bai game kowa ba, domin taswirorin da HOLC ta zana sun shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin wuraren haɗari, bankuna kuma suka shafe shekaru masu yawa suna guje musu.

Shekaru sittin na wannan tsari sun dasa wani imani a zukatan mutane: farashin gida yana iya faɗuwa a gari ɗaya, amma ba ya faɗuwa a ƙasa baki ɗaya. 'Yan siyasar jam'iyyun biyu suka hau kai. Bill Clinton ya ƙaddamar da shirin faɗaɗa mallakar gida a 1995, George W. Bush kuma ya sa hannu a dokar tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin kafin alƙalami a 2003. A shekarar ce Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwansa zuwa kashi 1 cikin 100. A 2004 masu gidan kansu suka kai kashi 69.2 cikin 100, adadin da ƙasar ba ta taɓa kaiwa ba.

Amma a wannan karon yadda ake ba da bashin ya canza. A da, bankin da ya ranta maka shi ne zai jira ka biya, don haka sai ya bincika aikinka da albashinka. Yanzu kuwa dillalin bashi yana karɓar la'adarsa da zarar an sa hannu. Kamfanin da ya ba da rancen zai sayar da shi ga manyan bankunan Wall Street, su kuma su tara dubban basussuka su dunƙule su su zama takardun jari, su sayar wa masu zuba jari daga Jamus har Asiya. Kamfanonin auna haɗari irin su Moody's da Standard & Poor's suka riƙa ba yawancin takardun nan shaidar inganci mafi girma. Tunda wanda ya ba da bashin ba shi zai yi asara ba, bincike ya zama ɓata lokaci. Aka riƙa ba mutane rance ba tare da sun nuna takardar albashi ba. Aka yawaita wani nau'in bashi mai sauƙin kuɗin ruwa a shekaru biyun farko, wanda daga nan yake tashi. Idan mai saye ya nuna damuwa, sai a kwantar masa da hankali cewa kafin lokacin gidan ya ƙara daraja, zai sake karɓar sabon bashi ya biya tsohon. A 2006 kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sababbin basussukan gida irin waɗanda ake ba masu raunin biya ne. A manyan birane 20 da ake bibiya, farashi ya ninka tsakanin 2000 da 2006.

An sami masu gargaɗi. Masanin tattalin arziki Robert Shiller na Jami'ar Yale ya nuna a 2005 cewa farashin ya yi nisa da abin da tarihi ya saba gani. A shekarar ne kuma Ben Bernanke, wanda ya zama shugaban Babban Bankin bayan 'yan watanni, ya ce a wata hira ta talabijin ba a taɓa samun faɗuwar farashin gidaje a ƙasar baki ɗaya ba. Yawancin mutane maganar Bernanke suka ɗauka.

Daga tsakiyar 2004 zuwa tsakiyar 2006 Babban Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa sau 17 har ya kai kashi 5.25. Farashin gidaje ya tsaya, sannan ya fara gangarowa. Waɗanda aka yi wa alkawarin sabon bashi suka je suka tarar ƙofa a rufe, domin gidan bai kai kuɗin da ake bin su ba. A Afrilun 2007 kamfanin New Century, ɗaya daga cikin manyan masu ba da irin wannan rance, ya durƙushe. A Maris ɗin 2008 aka sayar da bankin Bear Stearns ga JPMorgan Chase cikin gaggawa. A Satumba gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da takwararta Freddie Mac, ranar 15 ga watan kuma Lehman Brothers ya rushe. A Oktoba majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna.

A Las Vegas farashi ya faɗi da kusan kashi 60 cikin 100, a Phoenix da Miami kuma ya zube da rabi ko fiye. To, me ya hana mutane kwasar ganima?

Abu na farko shi ne lissafi. Wanda zai sayi gidan dala 200,000 da kafin alƙalami na dala 20,000, idan farashi ya ƙara sauka da kashi 10 cikin 100, duk abin da ya tara ya narke ke nan, bashin kuma yana nan a wuyansa. Tunda kowane wata labarin faɗuwa ake ji, jira ya fi riba. Jiran da kowa ke yi kuma shi ne yake ƙara karya farashin.

Na biyu shi ne aiki. Amurka ta yi asarar guraben aiki fiye da miliyan 8, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009. Mutumin da ya ga an sallami abokin aikinsa jiya ba zai ɗaura wa kansa bashin shekara 30 yau ba, komai arahar gidan.

Na uku, masu gida da yawa sun maƙale. A ƙarshen 2009 kimanin gidaje miliyan 11, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake bin bashi, kuɗin da ake bin su ya zarce darajarsu. A jihar Nevada fiye da rabi ne. A Amurka yawancin masu sayen gida mutane ne da suka sayar da wanda suke ciki don su koma wani. Waɗannan sun zama gaba kura baya sayaki: in sun sayar sai sun cika wa banki daga aljihu, in sun zauna suna biyan kuɗin abin da ya riga ya rage daraja.

Na huɗu, bankunan da a da ke ba kowa rance sun koma ba sa ba kowa sai mai tsaftataccen tarihi. Wanda aka ƙwace wa gida kuwa, tabon yana zama a takardun bashinsa har shekara bakwai. Gidajen da aka ƙwace aka sa a gwanjo su ma sun zama annoba ga maƙwabta, domin mai kimanta gida yana duba nawa aka sayar da na kusa ne. Gida ɗaya da aka bari ciyawa ta cinye ƙofarsa yana rage darajar layin gaba ɗaya.

Gwamnati ta gwada sayen ƙwarin gwiwar mutane da kuɗi. A 2009 ta yi tayin rangwamen haraji na dala 8,000 ga mai sayen gidan farko. Ciniki ya motsa, farashi ya ɗan farfaɗo. Amma da wa'adin ƙulla ciniki ya ƙare a ƙarshen Afrilun 2010, sai kasuwa ta koma gidan jiya. A watan Yuli cinikin tsofaffin gidaje ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100 a wata guda. Ashe yawancin waɗanda suka saya mutane ne da dama suke da niyya, sun dai gaggauta ne don kada tukuicin ya wuce su. Shirin HAMP na gwamnatin Barack Obama, wanda aka yi niyyar ya sassauta wa masu gida miliyan 3 zuwa 4, shi ma bai kai ga adadin ba.

A ƙarshen 2010 wata badaƙala ta ƙara dagula al'amari. Aka gano ma'aikatan wasu manyan bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. Basussukan sun sauya hannu sau da yawa har wani lokaci a rasa tabbacin wanda ke da ikon ƙwacewa. Mai saye sai ya fara tambayar kansa ko gidan gwanjon da zai biya ba zai jawo masa shari'a ba. A Fabrairun 2012 bankuna biyar, wato Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citigroup da Ally, suka amince da sulhun dala biliyan 25.

A farkon 2012 ne farashi ya kai ƙarshen faɗuwarsa, a ƙarshen shekarar kuma kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya sauko zuwa kusan kashi 3.3. Faɗuwar wani tashin wani. Waɗanda suka fi cin moriyar arahar su ne masu tsabar kuɗi a hannu, waɗanda ba sa tsoron kora daga aiki, ba sa kuma jiran amincewar banki. Kamfanin Blackstone ya kafa Invitation Homes a 2012, ya kashe kimanin dala biliyan 10 ya sayi gidaje kusan 50,000 ya sa su haya. Iyalai da dama da suka rasa gidajensu sun koma 'yan haya a irin unguwannin da suka taɓa mallaka. Wani bincike na cibiyar Pew ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2009 dukiyar matsakaicin iyali ta ragu da kashi 16 cikin 100 a wurin fararen fata, kashi 53 a wurin baƙar fata, da kashi 66 a wurin 'yan asalin Latin Amurka, saboda yawancin abin da waɗannan biyun suka mallaka yana cikin gida ne, kuma su aka fi tallata wa bashi mai tsada.

Girgizar ba ta tsaya a Amurka ba. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a Yulin 2008 zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba. Kasuwar hannun jarin Najeriya, wadda bankunan gida suka kumbura da rancen sayen hannun jari, ta yi asarar fiye da rabin darajarta. A 2009 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan da suka raunana. Cutar iri ɗaya ce: bashi a kan kadarar da kowa ya ɗauka ba ta faɗuwa.

Sai a 2016 farashin gidaje a Amurka ya komo inda yake a 2006. A shekarar ce kuma adadin masu gidan kansu ya sauka zuwa kashi 62.9 cikin 100, mafi ƙanƙanta cikin kusan shekara hamsin. Farashi ya warke kafin mutane su warke. Masu saye sun dawo ne sannu a hankali, gwargwadon yadda aiki ya dawo, gidajen gwanjo suka ragu, takardu kuma suka zama abin dogaro. A tsakanin nan magina sun janye: an fara gina gidaje fiye da miliyan 2 a 2005, a 2009 kuwa ba su kai 600,000 ba, kuma giɓin da aka bari yana cikin abin da ya haddasa tsadar gidajen da matasan ƙasar ke kuka da ita daga baya.

Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta zo da gyare-gyare masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fara aiki a Janairun 2014, ya wajabta wa mai ba da bashin gida ya tabbatar cewa mai karɓa yana da halin biya. Duk 'yar kasuwar da ta taɓa ba da kaya bashi ta san wannan tun kafin a rubuta shi, amma sai da miliyoyin iyalai suka kwashe kayansu daga gidajensu kafin ƙasar da ta fi kowace girman tattalin arziki ta mayar da shi doka.