Ɗan Bayan da Gidan Kallo Bai Yi wa Tafi Ba

Da kunne mutanen Beli suka fara kallon ƙwallon Turai. Rediyo ce ke kawo sakamako, sauran kuma kowa ya zana a ransa. Da gidajen kallo suka bazu a ƙauyukan Rogo da Ƙaraye, da janareta da benci da rumfar kwano, sai muka tarar an riga an raba gari: masu Arsenal, waɗanda Kanu ya jawo, da masu Manchester United. Barcelona daga baya ta yi jama'a, sanadin Ronaldinho da kuma Eto'o, wanda ya koma can a 2004. Ni lamba biyar nake bugawa a filin firamare, shi ya sa idona ke kan wani mai dogon gashi da ba wanda ke kiran sunansa, Rafael Marquez, ɗan Meziko.

A garin Zamora aka haife shi a 1979. Ya fara da Atlas yana ɗan shekara 17, ya tafi Monaco a 1999, ya ci gasar Faransa a 2000, sannan Barcelona ta saye shi a 2003. Shekara bakwai ya yi a can, da kofin La Liga huɗu da na Zakarun Turai biyu.

Aikinsa ba irin wanda ake yi wa ihu ba ne. A wurinmu, ɗan baya shi ne mai ƙashi, wanda zai ɗauke ƙafar mutum ko ya doka ƙwallo ta faɗa gonar dawa. Marquez kuwa tsayawa yake inda ƙwallo za ta biyo tun ba ta taso ba, ya karɓe, ya ɗaga kai, ya aika ta can gefe ta sauka a ƙafar ɗan gaba. Daren 17 ga Mayu 2006, da Barcelona ta ci Arsenal 2-1 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Paris, washegari hirar majalisa duk ta jan katin Lehmann ce da ƙwallon Eto'o da ta Belletti. Wa ya tsare Henry? Marquez da Puyol ne. Na faɗa, aka ce in bari manya su yi magana.

Ranar da kowa ya san shi, zagi ya sha. A wasan buɗe Kofin Duniya na 2010, Tshabalala ya ci wa Afirka ta Kudu a ragar Meziko, benci ya kife don murna, har masu adawar kulob suka rungumi juna. Ana saura kusan minti goma a tashi, Marquez ya tsinci ƙwallo shi kaɗai a gefen raga, ya farke. Aka tashi 1-1. Har magoya bayan Barcelona ba su yafe masa ba a ranar.

Ba waliyyi ba ne. A Kofin Duniya na 2002 an kore shi da jan kati bayan ya kai wa Cobi Jones na Amurka karo da ka, alhali shi ne kyaftin. A na 2014 shi aka ce ya taɗe Robben a mintin ƙarshe, Holan ta ci da fenariti. Ni har gobe ina ganin Robben faɗuwa ya yi da gangan.

Ya buga wa Meziko wasa 147, ya ɗaura kambun kyaftin a Kofin Duniya biyar, daga 2002 zuwa 2018, kuma duk biyar ɗin a zagayen 'yan 16 aka fitar da su. Bayan Barcelona ya zaga New York, ya ci gasar Meziko sau biyu a jere da León, ya leƙa Verona, ya dawo Atlas. Wasansa na ƙarshe da Brazil ne a Rasha, yana da shekara 39. Da aka dawo hutun rabin lokaci an canza shi, ana 0-0. Bayan fitarsa aka zura musu biyu.