Tarihin kai

tarihin kai (suna, namiji, jam'i: tarihohin kai)

1. Labarin rayuwar mutum wanda shi da kansa ya rubuta, ko ya faɗa da bakinsa wani ya rubuta masa. Ya bambanta da tarihin da wani ke rubutawa a kan wani. Misalai: labarin Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa yana yaro, wanda Schön ya buga cikin *Magana Hausa* a 1885, labarin Baba ta Karo, wadda ta zayyana wa Mary Smith aure-aurenta da zamanin hare-haren bayi, aka buga a 1954, da littafin Sardauna Ahmadu Bello na 1962.

2. Rubutun da mutum ke yi a kan wani yanki na rayuwarsa da ya yi masa ciwo, kamar maraici, mutuwar aure, jinya ko gudun hijira, don ya sauke abin da ya tokare masa ƙirji, ya kuma gane halinsa. A wani bincike da aka buga a 1986, masanin halayyar ɗan'adam James Pennebaker, a Amurka, ya sa ɗalibai rubuta damuwarsu minti 15 kullum har kwana 4. Daga baya zuwansu asibiti ya ragu.

*Misali:* "Bayan rasuwar mijinta ta fara tarihin kai, sai ta soma samun barci."

*Karin magana:* Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

*Lura:* Ba dole a buga shi ba. Littafin rubutu da biro sun isa, muddin marubucin zai faɗa wa kansa gaskiya.