Daga Farar Wuta Zuwa Allura: Tarihin Maganin Ƙazwar Kare

Kawuna ɗan farauta ne, kuma a hannunsa na fara ganin yadda ake jinyar kare mai ƙazwa. Babban karensa ya fara susa da damina. Gashi ya zube daga bakin kunnuwa, ya sauko gwiwar ƙafafun gaba, fatar ta yi kauri ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Kawu ya sayo farar wuta a wurin 'yan koli, ya daka ta lukwi, ya kwaɓa da man kaɗanya. Ni ke riƙe wuyan karen, shi yana murza masa da tsumma.

"Riƙe shi da kyau, ɗan nan," in ji shi, "kare ba ya gode wa mai magani sai ya warke."

Kawu bai san cewa Rumawa sun yi wa tumakinsu irin wannan magani da farar wuta shekara dubu biyu da suka wuce ba. Su ma, kamar shi, ba su ga abin da suke kashewa ba. Sai a 1687 wasu mutum biyu a Italiya, Bonomo da Cestoni, suka tono ƙwaron daga fatar mai ƙazwa suka duba shi a madubin likita. Ɗan mitsitsi ne, macen ke haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai. Wannan ne mai yaɗuwa daga kare zuwa kare, har ya taɓa mai karen. Akwai wani irin kuma, Demodex, da ke zama a gindin gashi, ɗan kwikwiyo yakan samo shi wurin shan nono.

Abin da ke ci mini rai shi ne baƙin mai. Mutane na ɗaukarsa maganin gargajiya, alhali kakanninmu ba su san shi ba, tare da mota ya shigo. Na ga kare an mulke shi da shi tun daga kai har jela, yana lasa, yana amai, fatar tana ƙonewa a rana. Guba ce kawai.

Maganin da ya sauya komai daga ƙasa ya fito. Satoshi Omura na Japan ya samo wata ƙwayar halitta a cikin turɓaya, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka da abokan aikinsa suka sarrafa ta, aka sami ibamektin. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun kuma suka sami kyautar Nobel a 2015. Shi ne dai Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu saboda makantar bakin kogi.

Sai dai da awo ake ba da shi, gwargwadon nauyin kare, wasu karnukan Turawa ma yana iya kashe su. 'Yan'uwana mafarauta, in kare ya fara susa, a kai shi asibitin dabbobi a kankaro fatar a duba, a ƙone tsumman da yake kwana a kai. Baƙin mai kuwa, a bar wa bakanike abinsa.