Fatar Ido da Tsoron Tsufa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin shekaru kuwa, fatar ido ke fara tona shi, don ba ta da kauri, tana saurin saki.

In muka waiwayi tarihi, ba don kwalliya aka fara yanka ta ba. Tun ƙarni na 1, Celsus na Rum ya bayyana yadda ake rage fatar da ta rufto ta tare gani. Wajen shekarar 1000, Ali ibn Isa, likitan ido a Bagadaza, yakan matse rarar fatar tsakanin 'yan itatuwa biyu har ta mutu ta faɗi.

A ƙarni na 20 al'amarin ya juya. Cikin 1926 wata likita a Faris, Suzanne Noël, ta wallafa littafi tana kare tiyatar gyaran fuska, har da ta fatar ido, saboda mata ma'aikata da ake sallama don tsufa ya bayyana musu. Ashe ban da son ƙawa, tsoron rasa abinci ma yana kai mutum gaban wuƙa.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, kafin mu yi wa irin waɗannan mata dariya a littattafanmu, mu fara tambayar wa ya kore su.